Daga Inda Muhibba Take Zama

"Cire shi, Muhibba."

Badaruddeen bai gama zama a kujerar baƙi ba ya faɗi haka. Idonsa na kan bango, inda hoton marigayi Aliyu, mijin Muhibba, ya yi shekaru a rataye. Firam ɗin dai shi ne, baƙin katakon nan mai zanen ruwan gwal a gefe. Amma fuskar da ke ciki tasa ce shi Badaruddeen, har da hular da ya saka ranar sallah.

Muhibba ta ajiye masa ruwa, ta koma bakin ƙofar ciki ta zauna a kan kafet, inda ta saba zama duk lokacin da aka yi baƙo.

"Ko gaisawa ba mu yi ba."

"Ina wuni. Cire shi."

"Lafiya lau. Ba zan cire ba."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Gobe Hajiya za ta zo gidan nan. Uwa ce, Muhibba. Ta shigo ta tarar an cire ɗanta an saka ni, me kike so ta ji?"

"Wa ya ce an cire shi? Taso ka zo nan."

Bai motsa daga kujerar ba. Rabonsa da ya wuce tsakiyar falon nan tun Aliyu na raye. A lokacin shi ne ma'aikacin asibitin da yake zuwa yi masa gashin ƙashi, bayan hatsarin motar da ya kashe masa ƙafafu. Shi yake ɗaga shi, shi yake juya shi, shi yake jure masa faɗa idan ciwo ya tashi. Tun da aka fita da gawar, iyakarsa kujerar da ke kusa da ƙofar waje.

"Taso mana. Ba ɗaki na ce ka shiga ba."

Ya miƙe yana tafiya a hankali, idonsa a kan hoton. Da ya zo daidai gabansa sai ya ga fuskarsa ta tsattsage, wani ido ya shigo cikin nasa, wani gemu ya ratsa haɓarsa. Ya ƙara gaba. Kafin ya isa inda Muhibba take, shi ya ɓace gaba ɗaya. Aliyu ne a cikin firam ɗin, yana dariyar nan tasa mai nuna wushirya.

Badaruddeen ya daɗe a tsaye.

"Allah Ya jiƙanka," ya ce a hankali. Sannan ya juyo. "Yaya aka yi haka?"

"Abin da nake koya wa 'yan aji huɗu ne. Su da rana da wata suke yi, ko zakara da kaza." Ta jawo ragowar kwalin da ke bayan labule ta nuna masa. "Ka ninke kwali gaba da baya, gaba da baya, har ya yi tudu da kwari kamar kwanon rufi. Ka sa a wanko maka hotuna biyu girmansu ɗaya. Ka ɗora rula ka bi su da reza siri-siri, faɗin yatsa. Na wannan ka manna a gangaren hagu, na wancan a gangaren dama. In ka tsallake yanka ɗaya, hanci ya koma kunne, sai ka sake daga farko. Sau biyu ina ɓata naka."

"Don me kika yi?"

Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Nana ce. Ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Wai wata ƙawarta ta ce mata in uwa ta yi sabon aure, hoton tsohon baba a sito ake jefa shi. Ta ce, Mami, Abbana ma sito za shi? Yarinya 'yar shekara shida, Badar. Me zan ce mata? Na ce zo ki riƙe min gam."

"To me ya sa ni kika saka ta gefen waje?"

"Saboda kai baƙo ne har yanzu. Shi kuwa ta nan muke fitowa kullum da safe, ni da ita."

Ya koma kujerarsa ya zauna, ya dafe kai.

"Hajiya ba za ta tako nan ba. A kujerar nan za ta zauna, ni za ta gani. Kin san sharaɗinta. Ko ki auri yayan Aliyu, Alhaji Kabiru, ki riƙe 'yarki, ko ki aure ni su ɗauke ta. Yanzu kin ba su hujja a hannu." Ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Muhibba, in har a kaina za a raba ki da Nana, ni zan janye. Wallahi zan iya haƙura."

"Za ka iya?"

"Zan yi ƙoƙari."

"Sannu da ƙoƙari." Ta miƙe tsaye. "Kowa a garin nan yana da abin da zai yi da ni don alherina. Hajiya za ta aurar da ni don alherina. Yaya Kabiru zai taimaka ya aure ni don alherina. Kai kuma za ka gudu don alherina. Ba wanda ya tsaya ya ce, ke Muhibba me kike so?"

"Me kike so?"

"'Yata nake so, kuma kai nake so. Ban ga inda Allah Ya ce sai ɗaya ba."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ta share su da gefen mayafi da ƙarfi, kamar mai jin haushinsu.

"Sha ruwanka ka tafi. Kada ka kashe wayarka gobe."

* * *

Mutane suna cewa matar da ta yi saurin aure bayan takaba ba ta so mijinta ba. Mutanen nan dai su ne suke cewa wadda ta daɗe a zaune akwai abin da take ɓoyewa. Har yau ba a samu wanda ya faɗi ranar da ta dace a tsakani ba. Muhibba ta shekara uku, kuma an faɗi duka biyun a kanta.

Washegari bayan la'asar motar Alhaji Kabiru ta shigo ta tsaya a inuwar darbejiya. Nana tana Islamiyya, sai dab da magariba direba zai dawo da ita. Da gangan suka zaɓi lokacin.

Hajiya Maryam ta shigo tana dogara sanda. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, ko sallah a kan kujera take yi. Kabiru, babban ɗanta, yana biye da ita cikin shadda mai ƙamshin sabunta. Ya zaunar da ita a kujerar baƙi, shi ya zauna a ta kusa.

Muhibba ta durƙusa a bakin ƙofar ciki.

"Hajiya an wuni lafiya? Ya ƙafa?"

Hajiya ta buɗe baki za ta amsa, sai idonta ya kai bango. Tun da Aliyu ya rasu, nan take fara kallo duk ranar da ta shigo gidan.



"Kabiru, ba ni tabarau."

Ya miƙa mata. Ta saka, ta duba, ta cire, ta goge shi da gefen mayafi, ta sake sakawa.

"Wane ne wannan a gurbin Autana?"

Kabiru ya ɗaga kai. Fuskarsa ta haɗe.

"Mai gashin nan ne, Hajiya."

Ana jin mai ban ruwan fulawa yana jan tiyo a waje.

"Ke Muhibba," in ji Hajiya, muryarta a ƙasa. "Ko ɗaurin aure ba a yi ba. A gidansa, a bangonsa, a cikin katakon da ni na saya. Ina kika kai min ɗa?"

"Yana nan, Hajiya."

"Ina?"

"A cikin firam ɗin. Daga nan ina ganinsa."

"Kin ji ko?" Kabiru ya juya ga mahaifiyarsa. "Har da rainin hankali. Ni dama na faɗa, rataya hoton mutum a bango ma ba abin kirki ba ne, ballantana na wani ƙato da ba muharrami ba."

A falon Kabiru da ke Hotoro akwai hotonsa tsaye, tsawonsa ya kusa kai ƙofa, yana karɓar lambar yabo. Ba wanda ya tuna masa.

Ya tashi ya nufi bangon zai sauke firam ɗin. Da ya zo daidai gabansa sai ya ja da baya.

"Inna lillahi. Hajiya, yanka shi ta yi. Ga idon Aliyu nan, ga haƙorinsa. Ta bi fuskarsa da reza ta cakuɗa da ta mutumin nan."

Sandar Hajiya ta faɗi a kan kafet.

"Kwafi ne na sa aka wanko," Muhibba ta ce da sauri. "Na asalin yana ɗakin Nana, ban taɓa shi ba. Yaya, ka ƙaraso nan ka gani. Taku kaɗan ne."

"Ni zan zo inda kike? Sauke shi zan yi."

"Kada ka taɓa shi."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Amma tun da aka kawo ta gidan nan amarya, ba ta taɓa ce wa wan mijinta kada ba. Hannunsa ya tsaya a sama.

"Ni kike gaya wa haka?"

"Da hannun Nana aka manna shi. In za a sauke, a bari ta dawo a sauke a gabanta, a gaya mata dalili."

Kabiru ya dawo ya zauna yana huci.

"Shi ke nan, Hajiya, magana ta ƙare. Mun zo da lalama. Na ce zan rufa mata asiri, in haɗa ta da iyalina, marainiya ta tashi a gaban ɗan'uwan ubanta. Ta nuna mana zaɓinta a bango. 'Ya'ya na gidan uba ne, kowa ya sani, addini ma haka ya ce. A haɗa wa yarinya kayanta."

Littattafan da yake jingina da su ba haka suka shimfiɗa maganar ba, amma irin wannan zama ba a cika buɗe littafi a cikinsa ba.

Hajiya tana kuka yanzu, kukan tsofaffi marar sauti.

"Na ɗauke ki 'ya, Muhibba. Da aka ce min tun Auta yana kwance kuke kallon juna da mutumin nan, na ce ƙarya ne. Na rufe bakin masu faɗa. Ashe ni ce ban gani ba."

Muhibba ta ɗago kai. Surukar kirki ba ta haɗa ido da uwar miji, haka aka koya mata, haka kuma ta yi tsawon shekaru. Yau ta haɗa.

"Hajiya, a yafe min, zan yi magana."

"Me ya rage?"

"Abban Nana ya yi shekara biyu a kwance. Ni nake masa wanka. Mutumin da ake zagi shi yake ɗaga min shi, don ni ba na iyawa. Ranar da bayansa ya fara gyambo, shi ya koya min yadda zan riƙa juya shi. Ranar da Abban Nana ya jefe shi da kofi don zafin ciwo, ya tsince fasassun ya ce gobe ma zai dawo. Bai taɓa kallona ba, Hajiya. Ko sunana ba ya kira, Maman Nana yake cewa. Sai da aka shekara biyu da rasuwa ya aiko yayarsa."

"Aikinsa ne, biyansa ake," in ji Kabiru.

"Haka ne, Yaya. Kai kuma ranar Juma'a kake zuwa da lemo da ayaba, ka tsaya a bakin ƙofa ka ce ya jiki, don ba ka son warin magani. Ban taɓa riƙe ka da shi ba. Amma kada ka ce min ka fi shi sanin ƙaninka a kwanakinsa na ƙarshe."

"Hajiya, kina jin ta?"

"Ina jin ta."

Muhibba ta juya ga tsohuwar, hawaye na bin kumatunta.

"Ba zan auri Yaya Kabiru ba. Yayan mijina ne, har abada haka zan gan shi. Kuma ba zan haɗa wa Nana kaya ba. In za a ɗauke ta, sai dai a ɓamɓare ta daga jikina, ku kuma ku yi mata bayani. Na yi takaba, na yi haƙuri, na yi shiru. Ban cire ɗanki daga bangon nan ba, ban cire shi daga ko'ina ba. Nana ce ta ji tsoron za a jefa ubanta a sito, na yi mata wannan don ta kwantar da hankali."

"To juyo min shi in gani," in ji Hajiya.

"A'a."

Kabiru ya yi wata gajeriyar dariya.

"A'a, Hajiya," ta sake cewa. "In na juyo shi, gobe za a ce dabara na yi. Inda yake rataye, nan zai zauna. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan a bakin ƙofar nan nake zama, ke kina can. Duk abin da aka faɗa miki a kaina daga can kika ji shi. Ki taso ki zo nan sau ɗaya."

Ba a ce wa uwar miji ta taso. Muhibba ta sani, Kabiru ya sani, Hajiya ta fi su sani.

"Hajiya, tashi mu tafi. Direba ya wuce da yarinyar Hotoro kawai."

"Miƙo min sandata."

Ya miƙa mata yana gyara babbar riga, ya nufi ƙofar waje. Sai da ya kama mariƙin ƙofa ya lura ba bayansa take bi ba.

Hajiya Maryam ta ratsa falon. Kowane taku sai ta cije leɓe. Idonta bai bar bangon ba. A tsakiya, inda fuskokin biyu suka cakuɗe, ta tsaya, har Muhibba ta yunƙura za ta tare ta. Tsohuwar ta ɗaga mata hannu.

Ta ƙara taku. Hular Badaruddeen ta fara shuɗewa. Ta ƙara. Goshi ya fito, sannan girar nan mai tabon da ya samu a kan keke yana yaro. Da ta iso bakin ƙofar ciki, Aliyu ne kaɗai a bangon, yana mata dariya.

"Auta," ta ce.

Ta daɗe a tsaye tana dogara sanda. Sannan ta dubi Muhibba da ke durƙushe a gabanta.

"Matsa min."

"Hajiya, gwiwarki. Bari in jawo kujera."

"Na ce matsa min."

Ta dafa bango, ta dafa kafaɗar Muhibba, ta sulale a hankali har ta kai ƙasa, tana salati saboda zafi. Rabonta da zama a ƙasa tun kafin hatsarin Aliyu. Ta miƙe ƙafafu a kan kafet, ta ɗaga kai.

"Nan kuke fitowa da safe?"

"Nan ne."

"Takwarata tana gaishe shi?"

"Kullum. Sai ta ce masa ta tafi makaranta. In ta kai ƙofar waje kuma ta yi wa ɗayan gwalo."

Wani sauti ya fito daga bakin Hajiya, tsakanin dariya da kuka. Ta goge ido da bayan hannu.

A waje aka yi hon. Maigadi ya ja get. Muryar Nana ta shigo tun kafin motar ta tsaya, tana rera karatun da aka biya musu yau.

Muhibba ta kai hannu ta riƙe gefen ƙofa.

"Ga ta nan," in ji Kabiru daga bakin ƙofar waje. "Hajiya, in ce wa direba kada ya sauke ta?"

Hajiya ba ta kalle shi ba.

"Yarinya ta dawo gidan ubanta, ka ce kada a sauke ta? Ba kai ka ce 'ya'ya na gidan uba ne ba? To ga gidan, ga uban. Bar ta ta shigo ta ci abinci."

"Hajiya, maganar da muka yi fa?"

"Da muka yi ta ban zauna a nan ba."

Ya zo zai kama ta ya tashe ta. Ta buge masa hannu.

"Kai da ko jakata ba ka iya ɗauka sai ka yi nishi? Karya ni za ka yi." Ta juya ga Muhibba, fuskarta ba fara'a. "Kada ki ɗauka na yarda. Ban ce na yarda ba. Ina wayarki?"

"Ga ta."

"Kira shi. Ki ce tsohuwa ta zauna a ƙasa ta kasa tashi. Tunda kin ce ya iya ɗaga mutum, ya zo ya ɗaga ni, in ji irin hannun da ya riƙe min ɗa. Ina da tambayoyi, kuma a nan zai durƙusa ya amsa su, Auta yana kallonsa."

Ƙofa ta buɗe, Nana ta faɗo da gudu, hijabinta a karkace. Ta yi turus ganin kakarta a ƙasa.

"Hajiya, kin faɗi ne?"

"Ban faɗi ba, sarkin surutu. Zo ki nuna min wanne kika manna."

Muhibba ta danna lambar. Bugu ɗaya aka ɗauka.